Bature Ya Kyautar da Karensa

Yaya Muntaka,

Gaisuwa mai yawa daga Ikko. Yaya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya na dako.

Bara jiragen sama uku kamfaninmu yake tayarwa ɗauke da fatu. Yanzu duk suna kwance, har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Baturenmu ya tafi, wai zai sayo sabo ya dawo. Amma ranar tafiyarsa ya kyautar da karensa, wanda ko masai ba ya zuwa sai da shi. Mai dawowa yana haka?

Idan wakilinsu ya zo Kiyawa, kada ka ba shi fatunmu. Gonata kuma, bana kada ka ara wa kowa.

Allah Ya sada mu.

Ƙaninka,
Uwaisu