Muryar Baba a Shafin Auta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da zumunci ya wajabta. Matarka da yara kuwa ina gaishe su har zuciya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da biro. Sau uku ina rubuta maka saƙo a akwatin nan na shafinka mai cewa "Ku tuntuɓe ni", sau uku yana haɗiyewa, sannan ya tambaye ni wai ko ni mutum ce. Ya jero mini hotuna tara, in nuna masa masu babur a ciki. Auta, ni da na goya ka har bayana ya yi kanta, yau na'urarka ce ke tantamar ko ni 'yar Adam ce? Wayarka kuma kullum kana cikin taro.

Ga abin da ya sa na nace. Ranar da aka kwashe kayan shagon Baba, shekara biyu ke nan, ka ɗauki kaset ɗinsa, ka ce za ka sa a shafinka na intanet don kowa ya ji daga inda yake. Kaset guda ɗaya tak, wanda ya ɗauka a teburin aikinsa yana ba da labarin yadda ya koyi gyaran agogo. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan.

Ranar Litinin na kai Umma asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama ma ya kama hanya, kuma maganar watanni ake yi ba shekaru ba. Muka iso gida. Tana cire takalmi ta ce, "Sa mini muryar babanku in ji tun ina iyawa."

Muka zauna bakin gadonta da wayata. Shafin ya buɗe, sai ga ka cike da fuskar waya, cikin kwat, ka tallabe haɓa kamar wanda aka ba duniya ajiya, ga kiɗa kamar ana bikin buɗe kanti. Umma ta gyara tabarau ta ce, "Takara ya fito?" Kafin in ba ta amsa wani akwati ya faɗo yana neman imel ɗina. Alamar rufe shi ko idon tururuwa ya fi ta girma. Na rufe, wani ya faɗo. Rubutun kuma toka-toka a kan fari, sai ka ce kunyar a karanta shi yake ji. Na latsa "Tafiyata", kai ne. Na latsa "Hangena", kai ne a gefen motar da na san ba taka ba ce. Na latsa "Tasirina", kai ne kana gaisawa da wani mai tumbi. Har batir ya mutu ban ga ko hular Baba ba.

Shekara ashirin da biyu ina aikin ɗakin karatu. Ka faɗi sunan littafi, in kai ka gabansa ido rufe. Amma ban taɓa shiga gidan da aka gina don baƙo ya ɓata ba sai naka.

Ka gaya mini inda ka binne Baba karo na biyu. Ka huta lafiya, in kana iyawa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya jikin Umma? Allah ya ba ta sauƙi. Wallahi wasiƙarki ta ba ni dariya, har na karanta wa abokan aikina wajen takarar nan.

Yaya, matsalar ba daga shafin take ba. A watan jiya kaɗai baƙi daga ƙasashe goma sha ɗaya suka ziyarce shi, ba wanda ya yi ƙorafi. Abin da ya faru shi ne kin shiga ba bisa ƙa'ida ba. In ana son a ji daɗinsa sosai, ba a shiga da waya. Ki samu kwamfuta mai faffaɗar fuska da intanet mai ƙarfi, ki sa abin sauraro a kunne. Duk akwatin da ya fito ki latsa "Na amince". Sai ki yi rajista, ki zaɓi kalmar sirri mai haɗe da lamba da babban baƙi. Daga nan ki shiga "Tafiyata", ki gangara har ƙasa, za ki ga "Tushena". In kin latsa, hoton bishiya zai tsiro a hankali, kada ki yi gaggawa, da gangan na yi shi haka. Ki ɗora kibiyar kwamfuta a kan saiwa ta uku daga hagu. Baba yana nan.

Za ki sha mamaki. Kwana huɗu na yi ina tace muryar. Duk hayaniyar da ke ciki na share, ƙarar agogo, tari, surutun mata, har da kukan wani jariri da ya cika wa mutum kunne. Yanzu ta fito fes, kamar a gidan rediyo aka ɗauka.

Ki riƙa tafiya da zamani, Yaya. Ki gaida Umma, ki ce ina nan tafe da zarar na samu sarari.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Auta,

Salamu alaikum. Injiniya kuma sai a ofis. A nan gidan, wanda ya yi fitsarin kwance har ya shiga aji uku sunansa Auta.

Na bi ƙa'idodinka ɗaya bayan ɗaya, don kada gobe ka ce laifina ne. Babu kwamfuta mai faffaɗar fuska sai a wurin aikina, don haka jiya da safe, kafin a buɗe wa jama'a, na ɗauko Umma a tasi. Matakala goma sha huɗu ce zuwa ɗakin kwamfuta. Ta hau su da gwiwoyin nan nata, tana hutawa a kowace ta uku, mai shara na riƙe da hannunta ɗaya ina riƙe da ɗaya. Sabon mayafinta ta sa, Auta. Har turare ta shafa.

Na amince, na amince, na sake amincewa da abubuwan da ban san mene ne ba. Na yi rajista don in ji muryar ubana. Sau biyu aka ƙi kalmar sirrina wai ba ta da ƙarfi, sai da na rubuta zagi na haɗa da shekarar haihuwarka aka karɓa. Bishiyarka ta tsiro kamar ana roƙonta. Na sa wa Umma abin sauraro, na ɗora kibiya a saiwa ta uku.

Daƙiƙa arba'in. Kaset mai cin awa guda, ka mai da shi daƙiƙa arba'in, ka shimfiɗa masa wani kiɗan makoki a ƙasa. Na ƙure ƙara saboda kunnenta, har ni ina ji daga gefe. Murya ce sumul, ba numfashi, ba gyaran murya, kamar an wanke mutum da sabulu an shanya. Umma ta saurara har ƙarshe, ta zare abin daga kunne, ta ajiye a hankali. Ta ce, "Wannan mai karanta labarai ne. Ina agogunan?"

Ka san shagon nan. Agogo talatin da wani abu a bango, kowanne da tafiyarsa, har a sallah muna jin su ta tagar tsakar gida. Ita ba ta taɓa jin muryar mijinta babu su ba. Kuma a nan ta gaya mini abin da ban sani ba, don rabona da kaset ɗin tun ina budurwa. Ashe ba labarin koyon sana'a take nema ba, wannan ta haddace shi. A tsakiyar kaset ta shigo masa da shayi, ya ce, "Ke, kin faɗo mini cikin tarihi." Ta ce, "Ai ni ce tarihin." Suka yi dariya. Wannan take son ji. Shi ne abin da ka kira surutun mata.

Muna zaune haka, sai wani akwati ya faɗo a kan fuskar kwamfuta: "Kun ji daɗi? Ku ba mu tauraro biyar." Na karanta littattafai da yawa a kan 'ya'yan da suka sayar da gadon iyayensu, amma ban taɓa cin karo da wanda ya nemi a tafa masa ba. Na kashe kwamfutar.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Ba na son bayani, ba na son ƙa'ida. Tambaya ɗaya ce: ina kaset?

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaisuwa da girmamawa, ina duba jikin Umma. Ki gafarce ni da shiga maganar da ba a sa ni ba, amma yau kwana tara wasiƙarki na kan tebur, na ga maigidana ba shi da niyyar amsawa.

Ba zai iya ba ne. A saninsa kaset ɗin ya tafi bola. Da ya gama tacewarsa, ya goge na asali daga kwamfuta wai yana cin wuri, ya jefa kaset a kwalin tsofaffin wayoyi ya ce in ba masu kwasar shara. Tun da ya karanta wasiƙarki ko abincin kirki bai ci ba. Shekaranjiya na leƙa ɗakin aikinsa na ji ƙas-ƙas-ƙas. Ashe ƙarar agogon wasu ya nemo a intanet yana ɗorawa a bayan muryar, wai Umma ba za ta gane ba. Har ya tambaye ni ko zan iya yin dariya irin ta tsofaffi.

A nan haƙurina ya ƙare. Yaya, ban zubar da kaset ɗin ba. Na ga rubutun Baba a jikinsa da jan biro, hannuna ya ƙi. Yana cikin gwangwanin zarena tun lokacin. Na yi shiru ne don kin san halin ƙaninki in aka nuna masa ya yi kuskure. Da na san Umma na nema, da ban kai yau ba. Wannan laifina ne, a yafe mini.

Ga shi nan cikin safar yara, na ba direban da ke kawo muku saƙo. Ki gaya wa ƙaninki in kin so, na gaji da ɓoyo.

Ƙanwarki,
matar Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ka daina wahalar da agogon mutane. Kaset ya dawo gida, kuma ka auri wadda ta fi ka hankali. In na ji ka ɗaga mata murya, da ni za ka yi.

Rikodar Baba tana nan a saman kabad. Na hure ƙura, na sa batir, na danna maɓalli ɗaya. Ɗaya, Auta. Umma ta manna kunnen dama a jikin lasifika. Agogunan suka fara kafin shi. Da ya ce ta faɗo masa cikin tarihi, ta riga kaset ba shi amsa. Sau huɗu muka mayar.

Jaririn nan da ya cika maka kunne ka share shi, kai ne. Ana jin Baba ya ture kujera ya ce, "Miƙo mini shi, agogo yake so." Ana jin ka yi shiru.

Umma ta ce ka zo ranar Asabar ka ji. Ka zo da wuri, jiya sai da na ƙara mata ƙara fiye da shekaranjiya. Babu rajista. Ka yi sallama ka shigo.

Ni dai ban huce ba.

Yayarka