Wa Ke Yi wa Ifechi Kitso?

Kafanchan,
Asabar, 19 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Milka,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Jude da yaranmu Ifechi da Kevin. Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi, ya tsare fitarku da shigarku a ƙasar mutane, ya sa sanyin da kuka ce ya fara shigowa Ingila ya zo muku da sauƙi. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Ruwa ya fara ɗaukewa. Levi ya je Kachia duba cittar da suka noma da ƙaninsa, ya dawo yana cewa bana da dama-dama, amma kin san mijina, ko gonar ta ƙone haka zai ce. Mama tana nan, gwiwa ce dai ke damunta in za ta tashi, amma ba ta fasa zuwa zumuntar mata ba, har yanzu ita ke buga tulu in mai bugawa ba ta zo ba. An kawo mana sabon acca daga ƙauye, na ɗibar miki, yana cikin kayan Anti Magdalene, wadda za ta kawo miki takardar nan, tare da daddawa da yaji.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, tunda kowace Lahadi muna ganin juna a waya bayan sujada. Za ki ce Yaya Miriyam da rubuce-rubucenta, littafin da take cikawa kowace yamma bai ishe ta ba, yanzu ta koma kaina. Ki yi dariyarki, ba komai. Na fara na yaga, na sake farawa na yaga, domin kowane lokaci sai in ga kamar ni ce ke ƙirƙiro abin da babu. Amma maganar ta ƙi barina, kuma ba irin wadda zan faɗa a waya ba ce, Mama na zaune a gefena, Jude na tsaye a bayanki.

Da farko mun gode da hotuna da bidiyon hutunku na bakin teku. Sun zaga gidan nan kaf, har maƙwabta sun gani. Wanda tsuntsun nan ya sauko ya fizge soyayyen dankali daga hannun Kevin, shi kuma ya tsaya yana yi masa faɗa da Turanci, Mama ta sa an maimaita mata shi har wayata ta mutu. Ta ce tsuntsun garinku ya fi shirwa rashin kunya. Mun ga ɗakin yashin da Ifechi ta gina, mun ga askirim har a goshin Kevin, mun ga Jude ya shiga ruwa iya idon sawu ya fito da gudu. Na ji daɗi ƙwarai da na ga yaran sun yi ɓul-ɓul. Sai dai ni na daɗe ina kallon wani abu dabam. Ranar kowa ya tuɓe saboda zafi, ke kaɗai ce da riga mai dogon hannu, kuma hannunki na dama yana cikin aljihu. Na ce ƙila iskar teku ce. Na koma hoton da kuka ɗauka a jirgin ƙasa, yana aljihu. Na koma na ranar haihuwar Kevin, Jude ne ya kama hannun yaron suka yanka kek, ke kina gefe, kin ɗora hagu a kan dama kamar mai jiran a gama addu'a.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne kan Ifechi. Milka, ni na koya miki kitso a ƙarƙashin mangwaron gidanmu, kamar yadda Mama ta koya mini. Na san hannunki kamar yadda na san muryarki. Kina tsaga layi ya miƙe sarai, kina ja har yarinya ta kasa rufe ido, kuma ba ki taɓa mantawa da ɗan siririn nan da muke zagayawa ta bayan kunne ba, wanda in an gan shi a coci ake cewa wannan 'yar gidan Kumai ce. Tun da Ifechi ta yi gashin kamawa, kowace Asabar sai kin turo mini hoton kanta kina tambaya ko ɗaliba ta wuce malama. Daga bayan Ista hoton ya daina zuwa. Yanzu gashin a ɗaure yake da roba, kashi biyu, tsagar ta karkace kamar hanyar Kauru da damina. Ranar da na tambayi Ifechi wa ya yi mata wannan kwalliya, ta ce babanta ne, kuma yana ja da zafi amma ba ya daɗewa. Kafin in ƙara tambaya Jude ya karɓi wayar yana dariya, ya ce layin waya ba kyau. Ni kuwa a nan ina jinku tar.

Sai kuma maganar Mama. A bidiyon da kuke cin abinci a kan yashi, kin miƙa wa Jude kwano da hannun hagu. Mama ta gani, ranta ya ɓaci. Ta ce ashe haka Turai ke lalata yaro, 'yar da ta sha muciya a kan hagu tun tana rarrafe, yau ita ke ba mijinta abinci da shi a gaban 'ya'yanta. Ta ce sai ta yi miki faɗa ranar Lahadi, ko da kuwa a gaban Jude ne. Lahadi ta zo, kika ɗaga mata hannu kina gaishe ta, hagun ne dai. Na jira faɗan, bai zo ba. Ta tambaye ki sanyi, ta tambayi makarantar yara, ta miƙo mini waya. Da yamma ta ce in sake nuna mata bidiyon, ba na tsuntsun ba, ɗayan. Ta kalla, ta ce in kashe. Tun ranar ba ta sake ambatar hagu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta fara zuwa kan Jude ne. Ubangiji ya gafarta mini in na ɗauki alhakinsa. Mun san shi tun yana yawo a kwatas ɗin reluwe da gajeren wando, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, amma mutum a gida dabam, mutum a inda babu dangin matarsa dabam. Me ya sa kullum shi ke riƙe wayar yanzu? Me ya sa in na kira tsakiyar mako sai a ce kina barci, ke da kike cewa aikin kula da tsofaffi bai bar miki lokacin zama ba? Da abin ya ishe ni, na shirya na je gaishe da surukarki a shagonta na kasuwa, kamar wucewa nake yi. Ta karɓe ni da kyau, ta sa aka kawo mini kunu. Muna hirar jikoki sai ta ce da dariya wai ɗanta yanzu ya iya tuƙa tuwo, har wanki da guga shi ke yi, ita da ba ta taɓa samun ya wanke mata kofi ba. Daga nan ta ce Allah dai ya ƙara wa Milka sauƙi. Na ce sauƙin me, Mama? Sai ta hau gyara gwangwanayen tumatir da ba su karkace ba, ta ce mura take nufi, ai sanyin can ba ya barin kowa. A watan Satumba ne fa, kuma ranar Lahadin da ta wuce ban ji kin yi ko tari ba.

Na fito daga shagon da abu biyu a raina. Na ɗaya, na ji kunyar zargin da na yi wa Jude, domin mai tuƙa tuwo da ɗaure gashin yarinya bai yi kama da wanda ya karya hannun matarsa ba, ko da yake har yanzu ban cire shi gaba ɗaya ba, sai na ji daga bakinki. Na biyu, na ji zafi. Ashe akwai abin da gidan surukai suka sani, mu da muka sha nono ɗaya ba mu sani ba. A kan mashin ina dawowa Baba kawai nake tunawa. Shi ma da hannu ya fara. Kofin shayi ya suɓuce masa, ya ce santsi ne. Ya koma sa hannu a aljihun riga in zai tafi coci, mutane suna cewa Dattijo Kumai ya koyi yanga. Hawan jinin nan a jininmu yake, ni ma ina shan magani. Ke kuma kin fi kowa kama da shi wajen cewa ba komai.

Wataƙila duk shirme nake. Levi ya ce na faɗa kallon hoto kamar ɗan sanda, wai ƙila kin gurɗe ne wajen ɗaga wani tsoho a wurin aiki, ko kuma kin gaji da kitso kawai. In haka ne, Lahadi mai zuwa ki zaunar da Ifechi a gaban waya ki tsaga mata layi ɗaya ina kallo, sa'an nan ki yi mini tsiya har Kirsimeti, zan ɗauka da murna.

In kuwa ba haka ba ne, ina jin na gane abin da ya riƙe bakinki. A gidanmu ba a faɗin magana mai nauyi ta waya. Sai a tashi babba ya je, a ba shi kujera, ya sha ruwa, a yi addu'a, sa'an nan a faɗa. Haka aka yi mana, haka muka yi wa wasu. Ke kuma kina inda babu wanda za ki aiko, babu wanda zai zo, sai maganar ta zauna a aljihu. To, ga babba na aiko miki. Anti Magdalene ƙanwar Baba ce, ta zo wani biki a Kwoi, jibi za ta koma Ingila. Na faɗa mata abin da na gani. Ta ce daga garinta zuwa naku jirgin ƙasa ɗaya ne, kuma da hannunta za ta ba ki wannan takarda, ba za ta bar wa kowa saƙo ba. Ki ba ta kujera, Milka. Ki faɗa mata komai, abin da likita ya ce, da abin da bai ce ba, ko Jude yana ɗakin ko ba ya nan, yadda kika fi so. Na sa mata kibiyar kitso da matajin katakon nan namu, ta ce kafin ta sha ruwa ma sai ta ceci kan Ifechi daga hannun ubanta.

Saura abu ɗaya. Yau da safe ina ɗaure kayan, Mama ta shigo tana dogara bango, ta ajiye wata ƙaramar kwalba a kan accan. Man kaɗe ne da ta dafa da citta, irin wanda take murza wa Baba a hannu safe da yamma har ya koma riƙe cokali. Tun rasuwarsa ban ga ta sake haɗa shi ba. Ta ce a ba Milka, saboda sanyi, kuma a faɗa wa Jude daga kafaɗa ake farawa a sauko zuwa yatsu. Ba ta dube ni ba, ta juya ta fita. Saboda haka in don Mama kike ɓoyewa, ƙanwata, kin makara.

Ki gaishe mini da Jude, ki ce na gode da tuwon, sauran maganar sai na ji daga gare ki. Ki rungume mini Ifechi da Kevin, ki ce wa Kevin ya riƙe dankalinsa da kyau. Levi yana gaisuwa, haka yarana Catherine da Azariya, suna tambaya yaushe ƙannensu za su zo su ga mangwaron. Matan zumunta suna gaishe ki. Mama ta ce Ubangiji ya riƙe ki. Ranar Lahadi zan zauna kusa da waya, ki ɗaga mini hannu, ko wanne ne ya tashi.

Ni ce yayarki mai ƙaunarki,
Miriyam Levi.