Gwano Na Rubuta

Auyo, Litinin

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Zulaihat da yara? Gaisuwa ta ƙare, saura faɗa.

Takardar ajamin da na aiko kan wasan Bunu Mai Kukuma a bikin kamun kifi, cewa na yi ka juya ta boko ka sa a shafinka na intanet. Ban ce ka yi mata wanka ba. Gwano na rubuta! Rufu'a ce a kan nun, ƙatuwa kamar kan tarwaɗa, ka mayar da ita kisira, ya zama "gwani". Mutumin da ke jan waƙoƙin matattu zuwa raminsa ne gwani? Jiya a mashigar kwale-kwale har ɗan koren Bunu aka kira ni. Ka gyara ko ka cire sunana.

Ƙaninka,
Gwadabe

Haɗejiya, Laraba

Gwadabe,

Wa alaikumus salam. Ka gaida Inna.

Na ga rufu'arka, da gangan na sauke ta. Masu sharhin waƙa "fasihi" suke cewa, "ya taka rawar gani". Kai da ka zuba wa Malaminmu na allo barkono a tawada, yanzu shafina kake nema? Bunu na da yara majiya ƙarfi. Ka koyi rubutu irin na mutane, ko ka koma dashen shinkafa.

Yayanka,
Muttaka

Auyo, Alhamis

Yaya,

Salam. Inna na amsawa, ni ba na amsawa.

An karanta min mutanen naka. Su goma, bakinsu ɗaya. Kowa fasihi ne a wurinsu, har mai ƙara kamar injin ban ruwa. Ni na tsaya cikin taɓo na saurara, su fa? Tunda tsoro kake ji, kar ka juya komai. Ɗauki hoton takardar ka sa yadda take. Masu karanta ajami a fadamar nan sun fi ka yawa.

Na bar ka lafiya,
Gwadabe

Haɗejiya, Lahadi

Gwadabe,

Bayan gaisuwa, na sa, don ka ƙyale ni. Bunu ya zo har gida a fusace. Ya rantse ranar Juma'a a garin Baturiya zai rera waƙa sabuwa fil, tasa ta kansa, kuma kai zai zaga har kakanka. Kakanmu ke nan, mara kunya. Kar ka je.

Muttaka

Yaya,

Salam. Zan je, a gaba ma zan zauna. In zagin ya yi daɗi, haka zan rubuta. Kai dai ka cire hannunka daga takardata.

Allah ya bar zumunci,
Gwadabe