Rinar Katuru da Idonki na Hagu

Zuwa ga Kulsumu, sanyin zuciyata, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga mai buɗa baki,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Yayanki Maccido ya same ni kasuwar Shinkafi, ya isar da saƙonki kansa a sunkuye. Wai kin yafe mani alkawarin aurenmu, in je in nemi mai ido biyu. Wayyo Kulsumu! Wa ya ce maki alkawarin nan kaya ne da za ki sauke mani? Da wane baki kinka faɗi haka?

Ranar nan ba ta bar ni ba. Kin zo daga Zurmi gaida dangi, kinka raka Gwaggona ta kawo mana fura gonar dawa a Katuru. Kuna zaune gindin tsamiya, kina dariya, haƙoranki kamar audugar da ta fashe. Sai rina guda ta sauka wuyan Gwaggo, ta kai hannu ta murƙushe ta. Ashe rina in ta ji mutuwa wari take saki, kamar gwano in an taka shi, 'yan gidansu su shaƙa su fito yaƙi. Mu hancinmu bai ji komai ba. Su sun ji. Sunka zubo daga reshe kamar an kifar da ƙwaryar gero.

Kowa ya yi ta kansa, tsohuwa kuwa ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ke kinka cire mayafinki kinka lulluɓe ta, kinka kwanta bisa kanta, fuskarki a fili. Har yau ina jin muryarki: "Gwaggo, kada ki motsa, ga ni nan!" Kafin in iso da karan wuta hayaƙi ya kore su, sun gama aikinsu. Likita a Kaura ya ce duk inda ɗaya ta yi harbi tana barin warin nan, sauran su bi shi su ƙara. Shi ya sa sunka taru wuri guda, idon hagu ya tafi.

Ya tafi, Kulsumu, amma ina ya tafi? Ba ga Gwaggo nan tana numfashi ba? Ba ta cin tuwo sai an matsa mata. Kullum maganarta guda: "Da ni sunka ci, ni da na gama kallon duniya. Yaushe ɗiyata za ta zo?" Me zan ce mata?

Tun da anka ƙaddamar da Shari'a na daina tsayawa zance ƙofar gidanku, don mutuncin Babanki, na haƙura da ganinki sai an ɗaura. Haƙurin nan kamar kwanciya ne kan gidan cinnaka, amma na jure, don na san ƙarshensa ke ce. Yanzu kuma ki ce babu ƙarshe?

Maccido ya ce kin juya madubi ya kalli bango. Ki bar shi haka in kina so. Ni na ga fuskar a kumbure, ina riƙe da kanki cikin mota har Kaura, ban ga abin gudu ba.

Da an kai dawa rumbu baffannina za su zo wajen Baba neman sa rana. In kin ce su koma, za su koma, su sake dawowa. In Allah Ya nufa, kan kowace hanya, ta hagunki zan riƙa tafiya, kada wani abu ya zo maki ta nan ban riga na gani ba.

Naki har ranar da za a rufe nawa idanun,
Sodangi