Sunan Solomon da Takardar Kabon

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Jumare, wanda Kontagora ta sani da Malam Jumare Mai Tafireta, mai rubuta wa jama'a wasiƙu da takardun koke a bakin kasuwa shekara talatin da ɗoriya. Ina buga wannan takarda da hannuna a watan Ƙaramar Salla, Oktoba 1976. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina na nan daram, ba wanda ya tilasta ni, ba kuma zafin ciwo ke magana ba. In kun ga layi ya karkace, yatsa ne ya tsufa. Zuwa gare ku 'ya'yana, Lukuman da Lauratu da Nuru, da mahaifiyarku Ruka.

Na ɗaya. In ta Allah ta kasance, kada a jira kowa. A yi mini wanka, a sallace ni, a kai ni makwancina. A zaman makoki mutane za su zo suna tuna wata shidan da na yi a gidan yari, suna kirana gwarzon talakawa. Ku karɓi gaisuwa, amma kada ɗayanku ya amsa wannan yabon. Dalili na tafe.

Na biyu. Gida da gonar hanyar Auna a raba su yadda shari'a ta ce, malamai sun fi ni sanin wannan. Roƙona kawai, a bar Ruka a ɗakinta har iyakar ranta, kada a canza mata ko da mazaunin randa. Littattafaina kuwa, in 'yan'uwansa sun yarda, Nuru ya ɗauka. Shi kaɗai ne zai buɗe su. Lukuman jarida ce karatunsa, ita ma shafin farko.

Na uku. Daga cikin sulusin da nake da ikon bayarwa, na ba da tafiretata ga Rahila, 'yar Solomon na ƙauyen bayan Rijau. An ce tana koyon bugu a wani ofishi da na'urar aro. Na san Lukuman ya ɗaure fuska da jin sunan nan, domin a gidanmu ba a ambaton Solomon sai an haɗa da tsaki. Ku saurara, ga yadda abin ya faru.

A kakar audugar 1964 manoman Kumbashi da Mashegu da na wajen Rijau suka gaji da wani mai sayen auduga. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Sikelinsa na cin kaya, kuma farar auduga tas sai ya ce mai daraja ta biyu ce. Manoma suka haɗa baki suka ƙi kawo ko ƙulli ɗaya kasuwa har mako uku. Ana cikin shirin zaɓe a lokacin, mutum biyar in suka zauna a inuwa ɗaya sai a ce taron 'yan hamayya ne. Su kuwa ba jam'iyya ce ta dame su ba, sikeli ne.

Solomon ne ƙafar wannan tafiya. Manomi ne, Kirista, yana jin Dukanci da Kambarci da Hausa, yana da keke. Shi ya bi ƙauyuka ya haɗa kan mutanen da ko gaisuwa ba sa iya yi wa juna sai da tafinta. Suka yanke a rubuta koke zuwa ga manyan lardi a Minna, suka zo wurina. Na buga sunaye arba'in da ɗaya, kowa ya dangwala yatsa, na sa nawa sunan a ƙasa kamar yadda kowane marubucin koke yake yi. Ni na ba da shawarar kada a sa sunan Solomon, tunda shi zai kai takardar, in aka tare shi a hanya ya ce aike ne kawai.

Kafin su watse, wani dattijo, Dogo na Kumbashi, ya ce shi tsoro ya kama shi, a cire shi. Ba wanda ya zarge shi. Na sa reza na kankare sunansa daga takardar da kwafinta, sunaye suka koma arba'in. Solomon ya naɗe duka biyun ya sa a cikin riga.

Ku da ba ku yi sana'ata ba, dole in yi muku bayani. Ana sa takardar kabon tsakanin fararen takardu biyu don bugu ɗaya ya ba da kwafi. Wadda ta sha aiki ba a iya karanta komai a jikinta, rubutu ya hau kan rubutu. Amma sabuwa, wadda aka buga sau ɗaya tak, in ka ɗaga ta a rana za ka karanta duk abin da aka rubuta. Ranar nan sabuwa fil na ciro, saboda girman aikin. Da na gama, sai halin tsimina ya motsa. Ni mutum ne da ke morar kabon ɗaya sau ashirin, uwarku shaida ce ko sabulu ba na yar da ƙarshensa. Na mayar da ita cikin fakiti, a sama.

Da la'asar akawun mai sayen audugar ya tsallako. Maƙwabcina ne a kasuwa, muna aron tawada da allura, muna raba goro. Ya nemi aron kabon ɗaya kamar yadda ya saba. Ina cikin rubuta wa wata tsohuwa wasiƙa, ko ɗago kai ban yi ba, na zaro ta sama na miƙa masa. Har yau ban sani ba ko da niyya ya zo.

Bayan kwana uku, Solomon bai ma isa Minna ba, 'yan doka suka fara bin ƙauyuka da jerin sunaye. Aka tara mu gaban shari'a da laifin taro ba izini. Ana kiran sunaye daidai da yadda na jera su, sai na ji an kira Dogo na Kumbashi a na goma sha bakwai. Sunan nan babu shi a takardun da ke jikin Solomon. Wuri ɗaya kaɗai ya rage a duniya, jikin kabon ɗin da na bayar da hannuna. Nan take na gane, ina tsaye, gumi ya karyo mini. Mutanen da ke gefena suka ɗauka zazzaɓi ne.

Aka ɗaure mu tara, aka yi wa sauran bulala aka sallame su. Jama'a kuwa suka yi lissafinsu mai sauƙi: takarda na hannun Solomon, kuma shi kaɗai ba a kama ba. Da ya dawo aka tare shi a kasuwa, aka farfasa kekensa, aka yi masa ature har tasha. Lukuman, kana da shekara ashirin, kana cikin waɗanda suka taka keken nan, kuma don ni ka yi. Aka daina sayen komai a hannun matarsa Margaret. Suka cire Rahila daga makaranta, suka bar Kontagora inda suke zaune, suka koma ƙauye, can Margaret ta rasu. Ni kuwa da na fito, da kalangu aka tarbe ni.

Shekara goma sha biyu ke nan. Ba mantuwa na yi ba, tsoro na ji, kuma yabon ya yi mini daɗi. Sau biyu na hau mota zuwa Rijau da niyyar faɗa masa. Na farko, zabi biyu na saya na juyo. Na biyu na hango shi yana auna dawa, ya yi furfura, sai na raɓe bayan rumfar mai gishiri har ya tashi. Ina jin kunyar wannan fiye da kunyar kabon ɗin, domin kabon kuskure ne, shirun kuwa ni na zaɓe shi kowace safiya.

Na huɗu. A wanke sunan Solomon a inda aka ɓata shi. A karanta wannan labari da babbar murya a kasuwar Kontagora, ranar da ta cika, a wurin da ake sayen auduga. A sake karanta shi a ƙofar masallacin unguwarmu bayan la'asar. Sannan a je Rijau ranar kasuwa, a nemi wanda zai fassara da Dukanci, a kuma roƙi shugaban majami'arsu ya sanar da mutanensa. Kada a taƙaita, kada a gyara mini fuska. In Solomon ya yafe, alherinsa ne. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, kada a tara masa dattawa su matsa masa, an tara masa mutane sau ɗaya ya isa.

Na biyar. A je Kumbashi a gaida iyalan Dogo. Da tari ya fito daga ɗauri, bai ƙara noma ba har ya rasu. 'Ya'yansa sun girma da ƙin mutumin da bai yi musu komai ba. A gaya musu wanda ya kamata su ƙi, in ƙin ya zama dole.

Na shida, naka ne kai kaɗai, Lukuman. Na ji kana neman kujerar kansila a zaɓen da ke tafe, kuma na ji abin da masu yi maka yawo suke faɗa, cewa kai ɗan Malam Jumare ne da ya sha ɗauri don talaka. Zuciyarka za ta ce a bari sai bayan zaɓe, ai wata biyu ne kacal. Na san wannan murya, da ita na yi shekara goma sha biyu. Kafin zaɓe za a yi. Wataƙila ka faɗi, ban ɓoye maka ba. Kana da baki, kana da haƙuri da mutane, ka iya sasanta manomi da makiyayi, ka tsaya a kan waɗannan. Lauratu, ke ce yake jin nauyinki, kada ki bar shi ya zame.

Kada kuma ku ɗauka ina nadamar koken. Manoman nan suna da gaskiya, da za a sake da na sake bugawa. An ce yanzu mun sami sabuwar jiha, komai zai gyaru. Na ga tutar Bature ta sauka, na ga mulkin 'yan siyasa, na ga na soja, a kowanne mutane sun zo wurina da koke, kuma za su ci gaba da zuwa wurin wani a bayana. In an zalunci jama'a ku tsaya tare da su. Amma ku san inda kowace takarda ta kwana, domin sunan da mutum ya ba ka amana ce. In kuma tafiya ta lalace aka fara neman wanda ya ci amana, ku ja da baya ku yi tambaya. Taron da ya sha kaye ba ya son bincike, wanda ya fi sauƙin jifa yake nema, sau da yawa kuma baƙo ne ko wanda addininsa ya bambanta.

Na bakwai. Na karanta abin da na buga daga sama, sai na ga wayona a ciki. Na shirya komai yadda za a tona ni ina kwance a ƙasa, ku ku sha kallon mutane, ni ban ji ba ban gani ba. Wannan ma raɓewa ce bayan rumfa. Saboda haka na sake shawara. Ba za a jira mutuwata ba. Ranar kasuwa mai zuwa za a fara, in ina numfashi ni zan karanta da bakina, inda numfashi ya yanke Lukuman ya ɗora. In na riga na tafi, umarnin na nan yadda yake.

Allah Ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini, musamman sunan da na bar ku kuna alfahari da shi. Ruka, ko ke ban gaya miki ba, ki yi haƙuri. Mutane za su yi magana, wasu za su daina gaishe ku. Ku riƙe juna a wannan lokaci, ku ci abinci a kwano ɗaya, kada ɗayanku ya ɗora wa ɗaya laifin abin da ni na jawo. Allah Ya haɗa kanku, Ya sa mu cika da imani.

Nuru, ka nemo mana motar Rijau tun yau, kafin kasuwa ta ji, Solomon zai fara ji daga bakina. Ka gaya wa direba ba na iya taka ƙafa, ɗaukata za a yi har ƙofar Solomon.

Mahaifinku,
Jumare