Kan Makullin Motar Mai Gidana

Zuwa ga Shugaban masu gyaran motoci na Parakou,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gajiya, ina iyali da yaran gareji? Allah ya ƙara girma.

Ni ce Hajiya Asabe daga Djougou. Ban yi lakwal ba, wato boko, 'yata Rakiya ce ke rubutawa, kuma na ce mata kar ta gyara mini magana. Ba faɗa na zo yi ba, don motata ta tashi, alhamdulillahi. Amma saura kaɗan a yanka ta a sayar gunduwa-gunduwa kamar naman kasuwa, shi ya sa nake so ka ji, mutanenka ma su ji.

Na farko, ka san motar. Tsohuwa ce, ta mai gidana, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi fataucin goro, har yau in rana ta buge ta ƙamshin huhu na tashi daga baya. Yanzu aikinta ɗaya: autana Sani ya ɗauke ni ya kai ni unguwar Guéma, nan Parakou, wurin Yaya Hadiza. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, idonta kuma ya tafi. Gwiwata ba ta yarda da zem, babur ɗin hayan nan, taksi kuwa a cusa ka kamar buhun doya. In babu motar nan, ni da yayata sai dai a waya.

Na biyu, yadda abin ya faro. Da damina Sani ya yi tafiya, motar ta zauna a gida. Robar kan makullin ta daɗe da tsagewa, tana cizon bakin zanina, don nan nake ɗaure shi. Sai na kai wa baduku. Ya ɓare robar, ya ɗinka wa ƙarfen jar fata mai kyau kamar laya. Guntayen robar ya zuba mini a hannu. Ban yar ba. Yatsan Alhaji ne ya cinye robar nan har ta yi santsi, ina zan yar? Na sa su cikin gwangwanin da carbinsa yake.

Sani ya dawo, ya murza, mota ta yi ta kuka amma ta ƙi tashi. Shi ya zaci fata kawai aka lulluɓa wa makullin.

Na uku, nan ne ƙorafina. Makanikin unguwarmu ya ce batir ne, saboda zaman da ta yi. Aka sake batir. Ya ce famfon esansi ne, wato fetur. Aka sake. Shiru. Wani ɗan uwanmu mai motar shanu ya ja ta har Parakou, zuwa garejin wani daga cikin mutanenka, ba zan kama suna ba don yana da iyali. Shi kuma ya buɗe cikinta, ya yanke wayoyi, ya fitar da wannan ya fitar da wancan. Daga ƙarshe ya ce wa Sani ƙwaƙwalwar motar ta mutu, gara a sayar da ita kayan gyara, har ya san mai saye.

Duk wannan, Shugaba, babu wanda ya tambaye ni komai. Ni ce mai motar. Tun a Djougou na faɗa musu akwai wata 'yar jar fitila a gaban direba, mai siffar makulli, tana ta ƙiftawa, alhali da can da an murza take mutuwa. Shekara da shekaru ina zaune a kujerar gefe, me nake kallo in ba ita ba? Aka ce mini in shiga inuwa in huta.

Da 'ya'yana suka haɗa baki a kan a sayar, na ce to, amma sai na yi sallama da ita. Na shiga taksi da gwiwar nan na zo. Na tarar da ita a bayan gareji, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ban yi kuka a gabansu ba.

Na huɗu, mutumin kirki ma naka ne. Wani mai gyaran wutar mota daga Tourou ya zo garejin karɓar kaya, ya gan ni tsaye, ya gaishe ni da Dendi, na amsa da Hausa, muka yi dariya. Ya tambaye ni mene ne ya canza a motar kafin ta ƙi tashi. Na ce babu, sai rigar da na ɗinka wa makulli. Ya karɓa, ya matsa fatar da yatsa, ya ce ina tsohuwar robar. Ashe cikin robar akwai wata 'yar ƙwaya baƙa, kamar ƙwayar shinkafa. Wai motar na da abin hana sata, antibol, kuma da ƙwayar nan take gane makullin gidansu. In ba ta ji ta ba, sai ta hana wuta da esansi, ta yi ta ƙifta fitilar nan.

Na kira Rakiya a waya, ta ba direban taksi gwangwanin ya kawo daga Djougou. Mutumin ya haɗa wayoyin da aka yanke, ya kara guntuwar robar a bakin ramin makulli, Sani ya murza. Fitila ta mutu, mota ta tashi. Mai garejin ya ce a cire antibol ɗin gaba ɗaya a huta. Na ce a'a. Me antibol ɗin ya yi? Ya ga baƙon makulli ya ƙi buɗe masa ƙofa, aikin da aka sa shi ke nan. An sa ƙwayar a sabuwar roba, baduku ya lulluɓe ta da fatar, wannan karon bai ɓare komai ba.

Yanzu roƙona. Ka ce wa yaranka su kalli fitilun gaban direba kafin su zaro almakashi. Su tambayi mai mota, ko da tsohuwa ce mai sanda. Kar su yi saurin cewa mota ta mutu. Ku faɗa wa dukawa da masu yankan makulli a kasuwar Arzèkè cewa kan makulli ba ado ba ne. Sannan tsohon famfona da mai garejin ya karɓa a hannun Sani, lafiyarsa ƙalau, a dawo mini da shi. Ba zan yi komai da shi ba. Na Alhaji ne.

Da muka bar garejin, Guéma muka nufa. Ko hon ba mu yi ba, Yaya Hadiza ta jiyo ƙarar injin daga ɗaki, ta lalubo bango har ƙofar gida tana kiran sunana. An riga an gaya mata an sayar, ta ce ita dai ba ta naɗe tabarmata ba.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare hannuwanku, ya sa ku tsufa a tambaye ku.

Wassalam.

Hajiya Asabe, Djougou.