Kifin Firdausi

Kagara, Goronyo

Gwaggo Habi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da mutanen Wurno duka. Tunda anka yanke sabis babu halin waya, shi ya sa na ba Sale mai mashin wagga takarda.

Gwaggo, jikin ɗiyata Firdausi ya ƙi. Zazzaɓin ya sauka, amma ba ta cin komi, ko kunu sai ta kau da kai. Abu guda take kira: kek mai siffar kifi, irin wanda kinka yi ranar sunan ƙanenta. Gwangwanin gashi mai siffar kifin da kinka bar mini yana nan. Na zuba yashi cikin tukunya, na gasa yadda kike yi, amma kullum sai ya manne. In na juye shi, kai ya tsaya ciki, wutsiya ta ɓalle. Na kai mata guntayen, ta duba ta ce wannan ba irin kifin da babanta ke kamowa a dam ba ne, ta juya ga bango.

Wallahi tsoro nake ji. Man gyaɗa nake shafawa, mi nake yi ba daidai ba?

Ɗiyarki, Adawiyya

Wurno

Adawiyya,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba jikata lafiya.

Ke kam, shekara nawa kina zaune gefena ina gashi, ashe idonki na ga kek ɗin kawai. Man gyaɗa gangarawa yake ya taru wuri guda, ya bar sauran gwangwanin a bushe. Ki nemi man shanu wanda ya daskare wurin matan ruga. Ki bi da yatsa lungu-lungu, ido, baki, kowane ɓawo, har bakin wutsiya. Ki barbaɗa fulawa, ki bubbuga gwangwanin, ki zubar da saura. In ya gasu kada ki yi mishi garaje, bar shi ya huce har hannu ya iya riƙewa, sannan ki juye.

Amma ki ji ni, kek ba magani ba ne. Ki ce wa mijinki Iliyasu ya aje komar kamun kifi ya kai ta asibitin Goronyo. Sale ya ce hanya ba lafiya, an tare mutane, ban san ranar da zai taso ba. Hankalina duk yana wurinku.

Gwaggonki, Habi

Kagara

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso Laraba. Firdausi ta rasu Litinin, a kan mashin, ba mu kai asibiti ba.

Duk da haka na samo man shanun, na yi yadda kinka ce. Kek ɗin ya fito cif, har ido, ko ɓawo guda bai tsaya ba. Iliyasu ya dube shi ya fita. Na ba maƙwabciyata ta raba sadaka, ni na kasa sa mishi wuƙa.

Zan ba Sale gwangwaninki. Ba na son ganinshi cikin ɗakin nan.

Adawiyya